LibreNMS a buronmu na Yamai: sai da suna take gani

Abokan sana'a da ke leƙowa burona a Plateau sukan tsaya gaban allon da ke rataye a bango, su ga jerin na'urori kore shar, jefi-jefi wata ta yi ja, sai tambaya ta biyo baya: wace manhaja ce wannan, nawa ake biya, kuma ta cancanci wahalar girkawa? LibreNMS ce. Ba a biyan ko dala. Ta kuma cancanta, domin cikin manhajojin sa ido na kyauta da na taɓa aiki da su ban ga wadda ke zaƙulo na'urori da kanta kamar ita ba. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana wajen manhajar: sunayen na'urorinka su zama a tsare a DNS, tsarin da ke juya suna zuwa adireshi da adireshi zuwa suna, gaba da baya ke nan, kafin ka sake ta cikin rezo. Wanda ya tsallake wannan zai ce manhajar ba ta aiki, alhali tana nan tana jiran suna.

Kamfanin da nake kula wa da rezo na jigilar kaya ne. Muna da babban buro a Plateau, da sito a Harobanda hayin kogi, da reshe a Tahoua da muke haɗuwa da shi ta VPN. Rutocinmu na MikroTik ne, eriyoyin da ke ƙetara kogi na Ubiquiti, ga suwic-suwic iri-iri da aka saya lokaci daban-daban, ga firinta, ga kyamarori, ga ondilar mai katin rezo, wato na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke kuran. Wata tsohuwar kwamfuta da aka janye daga ofishin akanta na sa wa Ubuntu, ita ke ɗauke da LibreNMS har yau ba ta koka ba.

Manhajar ta ɓalle ne daga Observium a 2013, tana ƙarƙashin lasisin GPL, an rubuta ta da PHP, tana adana bayananta a MariaDB, zane-zanen hawa da saukar zirga-zirga kuma RRDtool ke yi mata. Da SNMP, yaren da ake tambayar kayan rezo halin da suke ciki, take magana da na'urori, ta ƙofar UDP 161. Kowane minti 5 takan zagaya duk abin da ke cikin jerinta ta tambayi lafiyarsa, kowace awa 6 kuma ta yi zagaye mai zurfi na bincike. A zagayen binciken nan ne abin da ya sa nake yaba mata yake. Ka ba ta suwic ɗaya, ta tambaye shi maƙwabtansa ta LLDP ko CDP, hanyoyin da na'urori ke sanar da kansu ga juna, ta leƙa teburin ARP na ruta, wato jerin adiresoshin da rutar ta gani kusa da ita, ta duba rutocin da take musayar labarin hanya da su ta OSPF da BGP idan akwai, sannan ta gwada kowane maƙwabci da bayanan SNMP da ka ba ta. Wanda ya amsa ta shigar da shi, shi ma ta tambaye shi nasa maƙwabtan. Kai dai ka gaya mata iyakar inda za ta yi yawo a saitin `nets`, misali 10.20.0.0/16, don kada ta ƙetara zuwa rezon maƙwabta.

Wani ƙanena da ya yi koyon aiki a hannuna ya girka ta a wata makaranta mai zaman kanta wajen Yantala. Ya kira ni da yamma.

"Yaya, na bi komai daki-daki, SNMP na amsawa, amma tun safe suwic ɗaya ke cikin jeri. Ta ƙi ganin sauran."

Na ce masa ya buga `dig -x`, umarnin neman suna daga adireshi, da adireshin suwic na biyu ya karanta mini abin da ya fito.

"NXDOMAIN, Yaya."

"To ta gan su. Sunansu ne ba ta samu ba."

Haka aka gina ta. In ta tsinci adireshin IP a bincike, ba ta shigar da shi a matsayin lamba tsura. Sai ta tambayi DNS ko adireshin nan na da suna, idan babu ta wuce shi. Takan rubuta layi ɗaya a littafin abubuwan da suka faru cewa binciken bai yi nasara ba, a duba neman suna, amma layin na nutsewa cikin ɗaruruwan wasu layuka, kuma sabon shiga bai san ya je can ya duba ba. Nan ne kukana na farko da ita: abin da ke tsayar da bincike gaba ɗaya ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro a shafin farko.

Yawancinmu rabin DNS muka sani. Mun san tambayar gaba: ka ba da suna, a ba ka adireshi, wato rikodin A. Da ita burauza ke aiki kullum, shi ya sa kowa ya saba da ita. Tambayar baya kuwa, ka ba da adireshi a ba ka suna, tana da nata rikodin daban mai suna PTR, a wani yanki daban, in-addr.arpa, inda ake rubuta lambobin a juye. Adireshin 10.20.1.5 ya koma 5.1.20.10.in-addr.arpa. Rubuta rikodin A ba ya haifar da PTR a manhajar DNS ta BIND, kuma a sabar Windows sai an ƙirƙiri yankin baya tukuna. Tun 1983 da Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka sabunta tsarin a 1987 da takardun ƙa'ida RFC 1034 da 1035, yankin gaba da na baya a rabe suke tafiya, kuma mai rezo ne ke da alhakin su dace da juna. A makarantar da ƙanen nawa ke aiki ma abin ya fi haka: babu DNS na cikin gida sam, kowace na'ura 8.8.8.8, DNS na Google, aka sa mata. Google kuwa ba shi da hanyar sanin wace na'ura ce 192.168.1.20 a Yantala. Adiresoshin 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168 na cikin gida ne bisa RFC 1918 na 1996, miliyoyin ofisoshi na amfani da lambobi iri ɗaya, babu sabar waje da za ta amsa maka su.

Akwai hanyar ratse, kuma manhajar ba ta ɓoye ta ba. Ka buga `lnms config:set discovery_by_ip true`, shi ke nan, za ta riƙa shigar da na'urori da lambobinsu. Kafin gari ya waye jerinka ya cika. Na san ofisoshin da ke tafiya a haka, kuma ga ƙaramin wuri mai na'urori goma ba zan yi musu gardama ba. Ni dai ban kunna shi ba, ga dalili. Saƙon gargaɗi na shigo mini ta Telegram, sau da yawa ƙarfe biyu na dare. Idan ya ce 10.20.3.14 ta faɗi, sai na tashi, na buɗe kwamfuta, na nemi takardar adiresoshi, kafin in san ko abin gaggawa ne. Idan ya ce ny-hrb-cam04, ina kwance na san kyamara ce a siton Harobanda, za ta jira safiya. A Yamai ba wanda ke gaya wa mai taksi lambar titi, cewa ake Katako, ko Wadata, ko bayan Petit Marché, ya gane nan take. Haka kan mutum yake da na'urori ma. Manhajar na iya nuna sysName, sunan da na'urar ke kiran kanta, a maimakon lamba a allo, gaskiya ne, ta saitin sunan da ake nunawa, amma wannan fenti ne kawai. A ƙarƙashi, da lambar take neman na'urar, kuma da lambar take sa wa jakar zane-zanenta suna a /opt/librenms/rrd. Ranar da ka sauya tsarin adiresoshi, kamar yadda muka yi da muka raba kyamarori zuwa nasu VLAN, wato nasu sashen rezo, sai ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya da `lnms device:rename`. Da suna kuwa, layi ɗaya ka gyara a DNS, zagaye na gaba ta same ta a sabon gida, tarihinta na nan bai tsinke ba.

Suna biyu kowace na'ura ke da shi a idon LibreNMS, kuma rikicewar da na fi gani wajen mutane daga nan take. Akwai sunan DNS, wanda da shi take isa ga na'urar. Akwai kuma sysName, wanda na'urar da kanta ke faɗa ta SNMP, shi ne kuma yawanci take yaɗa wa maƙwabta ta LLDP. Idan suwic ya ce maƙwabcinsa ny-plt-sw02 ne, manhajar za ta nemi wannan guntun sunan a DNS. In cikakken sunan na da jela, sai ka gaya mata jelar a saitin `mydomain` ta riƙa liƙawa da kanta. Sannan ba ta yarda na'urori biyu su zo da sysName ɗaya ba, sai in ka kunna `allow_duplicate_sysName`. Duk wanda ya taɓa buɗe Winbox, manhajar saita rutocin MikroTik, ya san kowace ruta ta MikroTik da sunan "MikroTik" take fitowa daga kwali. Idan wanda ya gabace ka bai sauya ba, ta farko ta shiga, sauran a ce an riga an san su. Ni ina ganin wannan taurin kan nata daidai ne. Shi ke hana ruta ɗaya mai adiresoshi huɗu ta shiga jeri sau huɗu. Gyaran layi ɗaya ne a kowace ruta, `/system identity set name=`, ka sa mata sunan da ke DNS harafi da harafi.

Tsarin sunayen da nake bi ba wani abin alfahari ba ne: gari, unguwa, irin na'ura, lamba. ny-plt-rt01, ny-hrb-ap03, th-sw01 na Tahoua. Ƙananan haruffa, lambobi da karan tsakiya kawai, domin sunan na'ura ba ya ɗaukar sarari ko karan ƙasa, haruffanmu masu lanƙwasa ma, ƙ da ɗ da ɓ, a bar su a waje. Kada a sa sunan mutum. Na tarar da firinta mai sunan wata sakatariya da ta bar aiki tun kafin in zo, an kuma riga an mayar da firintar wani bene.

Jelar sunan kuma, don Allah a guji .local. Na san sabar Windows da yawa a garin nan da ita aka girka su shekarun baya, amma RFC 6762 na 2013 ya keɓe ta ga mDNS, hanyar neman suna ba tare da sabar DNS ba, kuma kwamfutar Linux na iya ɗaukar tambayar ta watsa cikin rezo maimakon ta kai wa sabar DNS ɗinka. Sai ka ga `dig` na amsawa sarai amma `ping` na jan ƙafa ko ya ƙi, ka rasa kan abin. Wanda kamfaninsa ke da suna a ƙarƙashin .ne ya yanki reshe daga ciki. Wanda ba shi da shi, a 2024 ICANN, hukumar sunayen intanet, ta keɓe .internal don irin wannan amfani na cikin gida. Da ita nake aiki.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne wannan: a ina sabar DNS ɗin take zaune, kuma me ke ba ta kuran?

Da zarar ka shigar da na'urori da suna, kowane zagaye na minti 5 ya dogara da DNS. Kafin fping, mai gwada ko na'ura na raye, ya taɓa na'ura sai an juya sunanta, kowane kiran SNMP ma haka, kuma kira ba ɗaya ba ne a kan na'ura guda. An taɓa kira na wata ƙungiya wajen Koira Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuran kuma na yawan ɗaukewa. Shugabar ofishin ta tarbe ni a ƙofa da wayarta a hannu.

"Malam, dubi wannan. Duk lokacin da aka ɗauke kuran sai saƙo ya cika mini waya wai komai ya mutu, alhali ga mu muna aiki."

Ta yi gaskiya, suwic-suwic ɗinsu na kan ondilar, sabar sa ido ma haka. Amma DNS ɗinsu na kan wata kwamfuta a ɗayan ginin, an jona ta kai tsaye a bango. Kuran ya tafi, ita ta mutu, kafin gurup ya tashi ta gama kunnuwa an yi zagaye ɗaya ko biyu, manhajar ta kasa juya ko suna ɗaya, ta yi wa kowa jan fenti. Wanda ya girka musu ya yi ƙoƙarin rigakafi, ya sa 8.8.8.8 a matsayin DNS na biyu, sai dai wannan ya ƙara dagula lamarin. A Ubuntu, systemd-resolved ne ke karɓar tambayoyi a 127.0.0.53, kuma yana ɗaukar duk sabar da ka jera masa a matsayin masu amsa iri ɗaya. In ta farko ta yi shiru ya koma ta biyu, kuma yakan zauna a can ko da ta farko ta dawo, muddin ta biyun na amsawa. Google kuwa na amsawa, amsar dai ita ce babu wannan suna. Don haka kuran ya dawo, komai ya tashi, allo na nan ja wur har sai wani ya sake kunna sabar. Na ce wa Hajiya ba sabuwar na'ura za ta saya ba, na nemi kebul mai tsawo da awa guda.

Takardun LibreNMS da kansu, a sashen inganta gudu, sun ba da shawarar a ajiye mai amsa DNS a kan sabar manhajar, a nuna wa /etc/resolv.conf adireshin 127.0.0.1. Su don sauri suka faɗa. A wajenmu maganar kuran ce ta sa ya zama dole. Ni dnsmasq, wata ƙaramar manhajar DNS, na sa a kan kwamfutar da ke ɗauke da LibreNMS, sunayen na'urorin rezo duka a fayil ɗaya, kowane layi adireshi da suna. Abin da ya sa na zaɓe shi: daga layin nan guda yake amsa tambayar gaba da ta baya, ba ruwanka da rubuta PTR daban, don haka ba za su taɓa saɓawa ba. Da `domain` da `expand-hosts` yana liƙa jelar da kansa. Da `bogus-priv` kuma ba ya tura tambayar baya ta adiresoshin cikin gida zuwa waje, abin da ke cin lokaci a banza a kan layin intanet mai jinkiri. Za ka yi karo da systemd-resolved a kan ƙofa 53, ka kashe nasa da `DNSStubListener=no` ko ka ɗaure dnsmasq a kan adiresoshin da kake so. Masu son Unbound, wata manhajar DNS ɗin, su sani shi kuma yana toshe yankunan baya na adiresoshin RFC 1918 tun daga asali, sai ka rubuta masa `local-data-ptr` ko ka buɗe yankin, in ba haka ba ka yi ta neman laifi inda babu. Yanzu in sabar sa ido na raye, DNS ɗinta na raye, domin waya ɗaya ke ba su kuran. Layin Tahoua in ya yanke, na'urorin Tahoua kawai ke yin ja, kuma hakan gaskiya ce.

Wasu na zuba sunayen a /etc/hosts su huta. Yana aiki ga mafi yawan abin da manhajar ke yi, amma sunayen na tsare a kwamfuta ɗaya, ba za ka iya buga sunan suwic daga taka kwamfutar ka shiga ba. Ka kuma tuna `dig` ba ya duba fayil ɗin nan sam, DNS yake tambaya kai tsaye. In kana son ganin abin da manhajar ke gani, `getent hosts` ne gwajin. Kafin in shigar da sabuwar na'ura nakan buga shi da suna, in buga shi da adireshi, amsoshin biyu su dawo da juna.

Firinta da eriyoyin wifi su ne masu ɓata lissafi, saboda yawanci DHCP ke ba su adireshi. Yau firintar akanta ce ke kan lamba kaza, bayan an ɗauke kuran an dawo wayar wani direba ta gaje ta. Duk abin da zan sa wa ido sai na ɗaure masa adireshi da lambar MAC ɗinsa, wato lambar katin rezonsa, a ruta tukuna, sannan suna, sannan SNMP. Kewayon da ake raba wa wayoyi da kwamfutocin ma'aikata kuwa na fitar da shi daga bincike gaba ɗaya. Tunda an zo kan SNMP, a daina barin kalmar shiga ta asali, "public", kuma siga ta 2c a fili take aika kalmar, duk na'urar da ta iya siga ta 3 a sa mata.

Sauran kukana da ita kaɗan ne. Takardunta da Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci aka koya mana sana'ar, yaran da ke fitowa daga makarantun fasaha na shan wuya da su. Girkawa da hannu doguwa ce, PHP da Nginx da MariaDB da izinin fayiloli, ko da yake `validate.php` na nuna maka abin da ya karkace har da umarnin gyara shi, wannan kam na yaba. Saitunan da suka shafi suna kuma a warwatse suke, wani a sashen bincike, wani a sashen nuni, wani a shafin kowace na'ura, kamar wurin da ake tilasta mata wani adireshi ta bar na DNS. Da an tara su wuri ɗaya da an rage wa mutane kiran waya.

Na yi aiki da The Dude na MikroTik, taswirarsa ta fi daɗin kallo kuma ba ya matsa maka kan suna, amma a kan kayan wasu kamfanoni bai kai zurfin wannan ba. Zabbix, wanda shi ma daga Riga ya fito kamar MikroTik, yana barinka ka zaɓa wa kowace na'ura ko da IP ko da DNS za a same ta, kuma ya fi ƙarfi wajen sa ido kan sabobi, sai dai aikin tsara shi ya fi yawa. PRTG na Jamus ya fi su duka sauƙin farawa, kyauta ne har ma'auni 100, adadin da suwic biyu masu ƙofa 48 sun kusa cinyewa in za ka auna kowace ƙofa.

Abin da ba za ta iya ba ko ka tsara sunaye yadda ka so: ƙananan suwic ɗin nan masu ƙofa 5 ko 8 da ake sayowa a kasuwa a cusa bayan tebur. Ba su da adireshi, ba su da SNMP, ba sa faɗa wa kowa sunansu. Sai dai ka gane su ta gefe. A teburin FDB, inda suwic ke jera lambobin MAC na kowace ƙofa, in ka ga ƙofa ɗaya ta suwic ɗinka ɗauke da lambobin MAC bakwai alhali kwamfuta ɗaya ka san ka jona, to akwai ɗan baƙo a wurin. Ta haka na gano wanda ke ofishin ma'ajin Tahoua ba tare da na hau mota ba. Na kira shi na ce, "Alhaji, duba ƙarƙashin teburinka, akwai wani ɗan akwati mai fitilu?" Ya ce akwai, ɗansa ne ya kawo don a ƙara wa telebijin layi. Na bar masa shi, na rubuta a bayanin ƙofar th-sw01 cewa akwai suwic marar suna a bayanta, na kuma sa ƙaramin suwic mai SNMP cikin kasafin kayan reshen na baɗi.